Amsa kan zama a motar gida: abin da na gani cikin shekara uku

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kana aikin fassara ta intanet a nan Amurka, kuɗin haya ya ishe ka, littafin da ka fara rubutawa kuma ya tsaya cak, shi ya sa kake tunanin sakin gidan haya ka koma motar gida, wadda Amurkawa ke kira RV, kana tambaya ko da gaske ana samun 'yanci da buɗewar basira a irin wannan zama. Ni da maiɗakina mun yi shekara uku a cikinta bayan yaranmu sun kama gabansu, kuma sana'ata rubutu ce kamar taka, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona.

Wata shidan farko ban rubuta ko shafi goma ba. Mun ɗauka cewa 'yanci shi ne kullum mu wayi gari a sabon wuri, sai muka riƙa tuƙi daga wannan jiha zuwa waccan, da yamma muna neman inda za mu kwana, da safe muna ɗaure kayan girki don kada su zube a hanya. Motarmu ba ta wuce mil tara a galan ɗaya na mai, don haka kuɗin da muka tsere masa a haya ya same mu a gidan mai. Wanda ya yini yana riƙe da sitiyarin mota mai tsawon taku talatin ba shi da sauran ƙarfin da zai zauna ya tsara jimla.

Al'amarin ya canza ne da muka koyi tsayawa. A yammacin ƙasar nan akwai filayen gwamnatin tarayya, kimanin eka miliyan 245, a hannun hukumar kula da filaye ta BLM, kuma a mafi yawansu an yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14 kafin ya matsa gaba. A Quartzsite, cikin hamadar Arizona, akwai wurin da aka keɓe domin masu dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma a shekarar da muka je dala 180 muka biya na tsawon lokacin gaba ɗaya. Wata uku muka yi ba mu tayar da motar ba sai don ɗibar ruwa da zubar da tankin bayan gida. Bayan sallar Asuba nakan naɗe shimfiɗa, in zauna a ɗan teburin da muke cin abinci, in zuge labule, babu abin da ke gabana sai tsakuwa da dogayen itatuwan saguwaro masu ƙaya da duwatsu can nesa suna canza launi da fitowar rana, babu ƙarar komai sai ta butar shayi a kan risho. A wannan teburin na rubuta fiye da rabin littafina.

A maƙabartar garin akwai kabarin wani mai jan raƙuma da ake kira Haji Ali, wanda sojojin Amurka suka ɗauko daga Gabas ta Tsakiya a 1856 lokacin da suke gwajin amfani da raƙuma a hamada. Bakin sojojin ya juya sunansa ya koma Hi Jolly, ya rasu a 1902, daga baya aka gina masa ɗan dala na duwatsu da siffar raƙumi a samansa. Na daɗe a tsaye a gaban kabarin nan ina tuna labaran da kakata take ba mu na fataken goro masu bin hanyar Gwanja da jakuna, waɗanda wasunsu suka zauna a zango ba su sake ganin gida ba. Babin da ya gagare ni shekara biyu a daren ranar na samu bakin zarensa, kuma na tabbata da wucewa kawai muka yi ta garin da ban san ma akwai kabarin ba.

Sai dai ka sani cewa ruwa ne ke mulkin wannan rayuwa. Tankinmu galan 40 yake ci, a ciki za a yi girki da wanke-wanke da wanka da alwala, kuma mun koyi yin alwala da ƙaramar buta ɗaya. Wuta daga faifan sola take zuwa, idan hadari ya rufe kwana biyu sai ka zaɓa tsakanin firji da kwamfuta. Da zafi ya shigo dole ka hau tudu, mu mukan koma dazukan da ke kewayen garin Flagstaff a arewacin Arizona, inda tsayin ƙasa ya kai kusan mita 2,100. Sau ɗaya motar ta lalace, wani gareji ya riƙe ta kwana tara, muka koma otal, domin ranar da motarka ta shiga hannun bakanike gidanka ne ya shiga.

Abin da ya fi yi mana nauyi shi ne nisa da jama'a. Daga Quartzsite zuwa Phoenix tafiyar kusan awa biyu ce, can muke zuwa mu sami Juma'a mu sayo naman halal, kuma ba kowane mako hakan yake yiwuwa ba. Azumin farko da muka yi mu biyu kaɗai, ba tarawihi cikin jam'i, ba maƙwabcin da za a aika wa kunu, ya sa maiɗakina kuka, daga nan muka yanke shawarar cewa kowane Ramadan za mu ajiye motar kusa da garin da ke da masallaci. Ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru tun kafin ka tashi, domin a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi.

Hukuma za ta nemi adireshinka na dindindin saboda lasisin tuƙi da inshora da haraji, shi ya sa da yawa suke yin rajista a Texas ko Florida ko South Dakota, inda jiha ba ta karɓar harajin albashi, su sa kamfanin tura wasiƙu ya riƙa aiko musu da saƙonninsu.

Shawarata ita ce kada ka saki gidanka tukuna. Ka ɗauki hayar mota na wata ɗaya, ka tafi da iyalinka idan kana da su, ka zaɓi wuri guda ka yi mako biyu cur ba ka motsa ba, ka ga ko intanet ɗin wurin zai ɗauki aikin fassararka, sannan ka ƙirga shafukan da ka rubuta. Idan kuma ka zo saye, ka hau rufin motar da kanka ka danna kowace kusurwa da hannu, ka buɗe durowoyin sama ka shinshina, domin yoyon ruwan sama aibi ne da masu sayarwa kan ɓoye, kuma gyaransa yana da tsada.