Amsa: Buta na suɓuce wa Baba, tsufa ne kawai?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin ce buta na suɓuce masa wajen alwala, murfin kwalba ma sai an buɗe masa.

Likitoci ba sa raina wannan alamar. Akwai 'yar na'urar da ake ba tsoho ya matse iya ƙarfinsa. A ma'aunin ƙwararrun Turai na 2019, namijin da ƙarfin matsawarsa bai kai kilo 27 ba, ko macen da nata bai kai 16 ba, ana zargin tsokarsa ta fara zaizayewa. Ba hannun kaɗai ba fa, har cinyar da ke tashinsa daga tabarma, daga nan ne faɗuwa da karayar ƙugu ke biyowa.

Ya rame ba dalili? Tafiyarsa ta yi sanyi, kullum a gajiye? Ki kai shi asibiti. In kuwa hannu ɗaya ne ya saki farat ɗaya, baki ya karkace, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya yanzu-yanzu.

A riƙa ba shi ƙosai, ƙwai, nono da kifi. Ku kuma bar shi ya taka zuwa masallaci, yawan "Baba zauna a kawo maka" yana ƙara kashe masa jiki.