Amsa ga Malamar da ta ce makarantarsu ba dakin gwaji

Wa alaikumus salam Malama. Kin ce yaranki 'yan aji uku ne na firamare, kina so su gane yadda abu biyu ke haduwa su haifar da wani abu daban, amma ko kwalbar gwaji daya ba ku da ita. To gaskiya kar wannan ya dame ki, na dade ina koyar da masu irin wannan shekarun kuma rabin kayan aikina daga kicin nake debo su.

Ki fara da kanwa da lemon tsami. Ki daka kanwa ta yi laushi, ki zuba kadan a kofin roba mai haske, sai yaro ya matsa lemon da hannunsa, nan take za ki ga kumfa na tasowa tana shuuu. Iskar da ke fita ita ce kabon dayoksaid, irin wadda ke cikin lemon kwalba, kuma abin da ke faruwa kenan a tukunya idan uwa ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, yaran sun sha gani a gida ba su dai san sunansa ba. Amma ki ajiye wani kofi a gefe na sikari da ruwa. Sikari narkewa kawai ya yi, in ruwan ya kone yana nan, shi kuwa wancan sabon abu ya fito. In suka kama wannan bambancin wallahi kin gama aikin zangon.

Wanda ya fi tashin aji shi ne zobo. Ki dafa shi ba sikari ba kayan kamshi, ki sirka da ruwa sosai har sai kina hango hannunki ta bayan kofin, in ya yi kauri ba za a ga komai ba. Digo na ruwan kanwa ko ruwan toka sai ja ya juye ya yi duhu, shudi-shudi ko kore-kore, ya danganta da yawan abin da kika sa, a matsa lemon tsami ya dawo ja. Ranar nan wata yarinya cewa ta yi Malama tsafi ne, sai da ta maimaita da kanta ta yarda. Kurkum ma haka yake, ki shafa a farin kyalle ki diga ruwan omo, rawaya ta koma ja.

Sai yis da sikari da ruwan dumi a gora, a daura balan-balan a baki, kafin a tashi darasi ya fara kumbura.

Ni dai shawarata kar ki fara da sunaye, asid (masu tsami) kaza, alkali (irin su kanwa) kaza, haddacewa za su yi su manta. Kafin a zuba komai ki tambaye su me kuke ganin zai faru, kowa ya fadi nasa, wanda ya fadi ba daidai ba shi ya fi rikewa ma.

Hattara daya biyu. Ruwan bilic irin su Hypo kar ya shigo ajin sam, in ya hadu da tsami iskar kulorin yake fitarwa kuma guba ce. Sodar hada sabulu ma tana kona fata. Kar a rufe gora da murfi tana kumfa, za ta iya fashewa. Kuma ki kafa doka tun ranar farko ba a dandana komai, don zobon nan sai kin sa ido sosai, akwai mai shanye miki kayan aiki kafin ki juyo.