Amsa: Me binciken ji da ƙwaƙwalwa ya tsinana mana?

Malam, ka tambaya ko masu binciken ji da ƙwaƙwalwa sun taɓa tsinana wa talaka wani abu. Sun tsinana kam.

Kunne ɗan aike ne, ƙwaƙwalwa ce ke fassara saƙon. Wani masanin kimiyya, Georg von Békésy, ya ci kyautar Nobel a 1961 saboda ya gano yadda wani ɗan sashe can cikin kunne, mai siffar dodon koɗi, ke rarrabe sauti: siririyar murya a bakinsa, kakkaura can ƙuryarsa. A kan wannan ilimi Graeme Clark, likita ɗan Ostireliya, ya dasa wa wani kurma na'ura a 1978, wadda ke kai saƙo ga jijiyar ji kai tsaye. Tana da tsada fa, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ya fi shafarmu a Kano shi ne gaggawar gano matsalar ji ga jarirai, domin ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko take kama magana. Jaririn da za a buga ƙyaure, ko janareton maƙwabta ya tashi, bai ko firgita ba, kada a ce miskili ne. A kai shi sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano a gwada jinsa.