Baba zai iya sauka kwazazzabon Walnut da ciwon gwiwa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son kai Baba kwazazzabon Walnut, kusa da Flagstaff a jihar Arizona ta Amurka, ya ga ɗakunan mutanen da, amma gwiwa na damunsa.

Hanyar Island Trail, wadda ke gangarawa zuwa ɗakunan, ba ta da tsawo, wajen kilomita 1.5 ce zuwa da dawowa. Matakalar ce aikin: za ku gangara kusan mita 56, kuma sai kun hauro da ƙafarku. Ga wurin ya kai mita 2,000 sama da teku, matashi ma haki yake yi. Sauƙin gangarawa ke ruɗin mutane, a dawowa ido ke raina fata.

Amma wallahi akwai abin kallo. Za ku wuce ɗakuna 25 da mutanen Sinagua, 'yan asalin yankin na zamanin da, suka gina a ƙarƙashin dutse, suka zauna tsakanin shekarar 1100 da 1250. Har yau baƙin hayaƙin murhunsu na jikin rufin. Kada a taɓa bangon, kada a jingina.

Ku je da safe, da ruwa da takalmi mai kama ƙasa, don ana hana shiga hanyar tun kafin lokacin rufe wurin. Likitan Baba ya fara duba shi, musamman in akwai hawan jini ko ciwon zuciya. In ya hana, ku bi Rim Trail ta sama. Ba ta da wannan gangaren, kuma ana hango ɗakunan daga can.