Takwas biyu a hannu, na farko ya ƙara: in bi ko in ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Gusau nake. Ni da abokaina muna buga wasan kati na poka, nau'in Texas Hold'em, a waya, da ƙwandalolin wasa, ba kuɗi. Idan aka raba mini tagwayen kati, 8-8 ko 9-9, wanda ya fara magana kuma ya ƙara yawan ƙwandalolin da za a zuba, yaya zan yi? Sau da yawa in na bi, wato na zuba daidai da nasa, sai a cinye ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Madalla da babu kuɗi a ciki. Ku tsaya a haka, don da zarar kuɗi ya shiga ta zama caca, wadda addini ya haramta, shari'ar Zamfara ma ta hana tun 2000.

Fara duba wanda ya ƙara. A teburin mutum tara, na farko yana da mutum takwas a bayansa, shi ya sa wanda ya iya wasa ba ya ƙarawa daga nan sai da kati mai nauyi, irin su A-A, K-K, Q-Q ko A-K (A ne kati mafi girma, sai K, sai Q). In A-K ne a hannunsa, kai ne a gaba kaɗan, wajen 55 cikin ɗari. In kuwa tagwayensa sun fi naka, rabonka wajen 20 ne kawai. Sannan da 8-8, kusan sau 87 cikin ɗari katuna ukun farko na tsakiya za su zo da wanda ya fi takwas. Sai ka ga K-10-4 a tebur, ya sake zubawa, kai kuma ba ka san ko kana gaba ko kana baya ba. A nan ake cinye ka.

Don haka takwas na uku kake nema. Yakan fito a ukun farko kusan sau 12 cikin ɗari, wato sau ɗaya cikin takwas da rabi. Tunda sauran lokutan asara ce, dole ranar da ya fito ta biya su duka. Ni nakan so ƙwandalolin da ke gabansa, da waɗanda ke gabana, su ninka abin da zan bi da shi sau 15 zuwa 20, domin ba kullum zai biya ka ba ko da ka dace. Misali, ya ƙara zuwa 300, kowannenku na da 6,000: bi. In 1,500 ne ya rage masa, ajiye, ba riba.

Mazauni ma yana da tasiri. In kai ne na ƙarshe a magana, kana ganin abin da ya yi kafin ka yanke shawara. In akwai mutum biyar a bayanka, wani na iya ƙarawa a kan ƙarin ya kore ka ba ka ga komai ba. Kai ma kada ka ƙara masa da 8-8: mai rauni zai gudu, mai ƙarfi ne zai tsaya maka.

In an buɗe 7-5-2, tagwayenka sun fi duk abin da ke tebur, bi shi sau ɗaya. Ya sake zuba mai yawa a kati na huɗu, bar masa.