Me Ya Haɗa Beethoven da Waƙoƙin Gargajiyar Sikotland?

Tambaya: Malam, na ji an sa wata waƙar gargajiya ta ƙasar Sikotland a rediyo, aka ce Beethoven ne ya tsara kiɗanta. Shi da yake Bajamushe mazaunin Biyena, me ya haɗa shi da waƙoƙin mutanen da bai taɓa taka ƙasarsu ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, kasuwanci ne ya haɗa su. Wani ma'aikacin gwamnati a Edinbara, babban birnin Sikotland, mai suna George Thomson ne ya ɗauki aniyar tattara tsofaffin karin waƙoƙin ƙasarsa, ya fara buga su a shekarar 1793. Burinsa shi ne waƙar da makiyayi yake rerawa da baki kawai ta shiga falon masu hannu da shuni, inda 'yan mata suke koyon fiyano. Saboda haka ya nemi mawaƙi Robert Burns ya gyara baitoci ko ya rubuta sababbi, sannan ya riƙa biyan manyan masu tsara kiɗa na Turai, irin su Pleyel da Haydn, daga baya kuma Beethoven, su ɗora musu rakiyar fiyano da goge biyu irin na Turawa, ƙarami da babba.

Beethoven ya yi wannan aiki daga 1809 zuwa wajen 1820, ya tsara waƙoƙi fiye da 170, har da na Ayalan da Wales. Abin mamaki shi ne sau da yawa karin kawai Thomson yake aika masa ba tare da baitocin ba, ga kuma yaƙe-yaƙen Napoleon da suke jinkirta wasiƙu watanni. Beethoven ya yi ƙorafi cewa ba zai iya ba waƙa haƙƙinta ba alhali bai san ko ta makoki ce ko ta soyayya ba. Shi kuma Thomson kukansa daban ne: ɓangaren fiyanon ya yi wa 'yan koyo wuya, a sauƙaƙa. A 1813 Beethoven ya mayar masa da amsa cewa shi bai saba sake taɓa aikin da ya gama ba.

Littattafan ba su yi kasuwa yadda Thomson ya so ba. A ganina dai wannan taurin kai ne ya sa na Beethoven suka fi na sauran armashi, domin gajeren kiɗan da yake sawa kafin murya ta shigo da bayan ta tsaya yana da ransa na kansa. Idan kina son farawa, nemi tarin waƙoƙi 25 da aka buga a 1818, mai lamba 108 a jerin ayyukansa.