Amsa: Me ya sa kwalbar ruwan sanyi take yin gumi a waje?

Malam, kan tambayarka ko ruwan cikin kwalbar ne yake ratsowa waje, a'a wallahi ba daga ciki yake fitowa ba, daga iska yake. Iskar nan da muke shaƙa kullum akwai tururin ruwa a cikinta wanda ido ba ya gani, kuma iya ɗuminta iya yawan tururin da take iya riƙewa, a digiri 30 kubik mita ɗaya na iska yana ɗaukar kusan giram 30 amma a digiri 10 giram 9 da ɗan wani abu ne kawai. To da iskar ta taɓa jikin kwalbar ta yi sanyi, sai rarar tururin ya koma ɗigo ɗigo ya manne. Raɓar da ke kwanciya kan ciyawa da asuba ma haka take samuwa.

Gwada da kanka, sa kofin gilas wanda babu komai a ciki a firji, bayan awa ɗaya ka fito da shi, za ka ga ya yi gumi. Ko ka zuba lemo mai kala, ɗigon waje fari tas zai fito. In iska ta bushe sosai kuwa da kyar za ka ga ɗigon.